Wakenmu ya iso Legas, kundin bincikenmu na kan kanta

Duk shekara in aka fitar da jerin nan na jami'o'in duniya sai ka ga 'yan'uwa sun rabu gida biyu, wasu na murna wai sunan ABU ko Bayero ya fito, wasu kuma na cewa ai mu arewa ba ma wani bincike sai koyarwa da raba handawut, kuma abin haushi waɗanda suka fi faɗin wannan ta biyun mu ne mazauna Legas, wai mun ga yadda ake yi a Jami'ar Legas da ke Akoka. Toh ni dai a Idi-Araba nake zaune, asibitin koyarwa na LUTH ko a ƙafa ka je, karatuna kuma a gida na yi shi, don haka bari in tofa nawa. A ganina ba yawan bincike ne ya raba mu da su ba. Inda binciken yake dosa bayan an gama shi, nan ne bambancin yake.

Gaskiya ɗaya ce, Legas tana da abin nunawa. Lokacin da Patrick Sawyer ya shigo da Ebola daga Laberiya a watan Yulin 2014, a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na nan LUTH, ƙarƙashin Farfesa Sunday Omilabu, aka tabbatar da cutar. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 da aka samu mutum na farko mai korona a Najeriya, ɗan Italiyan nan, a nan ɗin dai aka tabbatar. Ga cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, ga FIIRO a Oshodi da take aikin sarrafa rogo da sauran kayan masana'antu tun 1956, ga masu binciken teku da kifi a Victoria Island. Amma abin da mutanenmu ba sa lura da shi, duk waɗannan a tsakiyar kasuwa suke zaune. Bankuna na nan, kamfanoni na nan, tashar jirgin ruwa na nan, yawancin manyan jaridun ƙasar nan hedkwatarsu na nan, yaran nan masu harkar kwamfuta sun cika Yaba ƙofa da ƙofa da jami'a, saboda haka malami in ya gano wani abu yau, gobe ɗan jarida ya buga masa waya, jibi wani mai kuɗi ya ce zo mu zauna. Ba wai sun fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne, masu saye ne a bakin ƙofarsu.

Yanzu mu koma gida. Jami'ar Legas da ABU sa'o'in juna ne, duk a 1962 aka kafa su, amma tashar binciken noma ta Samaru ta girme su duka, tun 1922 take. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, su SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, daga can ya fito. Kajin nan Shika Brown masu ƙwai daga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika suke. Na'urar binciken nukiliya ta ƙasar nan a Zariya take, a cibiyar CERT, tun 2004 take aiki, kuma wallahi na sha faɗa wa abokan aikina Yarabawa wannan su ce wasa nake yi. Bayero na da cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa wadda Bankin Duniya ya sa cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, jami'ar ce kuma ta fitar da ƙamusun Hausa a 2006. Arewa House a Kaduna tun 1970 take tara tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu. Wannan duk ba bincike ba ne?

Ɗauki wake kawai. Garin nan ba ya kwana bai ci wake ba, da safe akara, wato ƙosanmu, da rana ewa, wato dafaffen wake, da burodin Agege, ga alala a kowane biki, kuma yawancin waken daga wajenmu ake lodo shi, Najeriya ce ma ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. Wanda ya taɓa noman wake ya san tsutsar nan maruka da take shiga fure ta huda kwanso, ka ga gona kore shar amma ranar roro ka tashi a tutar babu, shi ya sa manomi yake feshi sau 6 har 8 kafin ya cire amfani, ga kuɗin magani ga shaƙar guba. A ƙarshen 2019 aka amince da irin wake SAMPEA 20-T da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa a Samaru, wanda feshi 2 ya ishe shi. Na san akwai masu ja da irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa kamar wannan, kuma muhawara ce da ya kamata a yi ta a fili da hujja, amma ba ita ce maganata a yau ba. Maganata ita ce, tsakanin mai sayar da wake a kasuwar Mile 12 da mai cinsa a Surulere ba wanda ya san akwai wani malami a Zariya da ya ƙarar da shekaru a kan tsutsa ɗaya. Mu kanmu 'yan arewan da ke nan ba mu sani ba balle mu faɗa wa wani. Rashin sani dai, kaza ta kwana a kan dami.

Sai dai kar a ce na zo yabon kai ne, don akwai ciwon da yake cin mu. Lokacin da nake ajin ƙarshe an aike ni wani ɗaki a sashenmu in ɗauko kundin wani da ya riga mu, ba zan faɗi makarantar ba. Ɗaki ne ba taga, kundaye masu baƙin bango da rubutun ruwan gwal an jibge su tun daga ƙasa har kusa da silin, na ƙasan ruwa ya taɓa su sun manne da juna, gara ta yi hanya ta gefe. Na buɗe ɗaya, kan yadda mata masu ƙuli-ƙuli suke juya jarinsu ne a wani ƙauye, yarinyar da ta rubuta shi ta bi gida-gida ta yi tambayoyi, aiki mai kyau wallahi. An ba ta maki, an yi bango, an ajiye. Matan da ta yi hira da su ko shafi ɗaya ba za su iya karantawa ba tunda da Turanci ne, kuma ba wanda ya koma ya faɗa musu abin da aka gano.

Su ma malaman ba laifinsu ba ne kacokan. Ƙarin girma a jami'a da ƙirgen takardu ake yinsa, mujalla nawa ka fito a ciki, ta gida ce ko ta waje. Shi ya sa za ka ga aiki ɗaya an yanka shi gida uku, ko a ce sa sunana a taka in sa naka a tawa, ko a biya wata mujallar intanet da ba mai duba komai ta buga cikin sati. Malamin da ya shafe damina yana yawo ƙauyuka yana nuna wa manoma sabon iri, ko ya shiga rediyo yana bayani da Hausa, makinsa bai kai na wanda ya zauna a ofis ya fitar da takarda biyu ba. Wannan cutar har nan kudu akwai ta fa, kar wani ya ruɗe ku, su ma suna da ɗakunan da aka jibge kundaye, su ma yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya rufe su, su ma asusun gwamnati na TETFund suke jira kuma janareta ke riƙe da ɗakin gwaji. Sai dai su in gwamnati ta yi shiru akwai ƙofa ta biyu da za a ƙwanƙwasa. Mu kuwa masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da ya kamata su zama masu sayen bincike yawancinsu sun durƙushe, attajiranmu kuma sun fi gane gina masallaci da kujerar Makka a kan ɗaukar nauyin ɗalibin dakta, Allah ya saka musu, amma wannan ma ai sadaka ce mai gudana.

In kana son ganin aikin da yake jiran masu bincike, je Mile 12 da asuba lokacin da ake sauke tumatir. Mota ta taso daga Kano ko Katsina ta ci wajen kilomita 1,000, kwanduna an ɗora wani kan wani da ciyawa a baki, ana kwance igiya ruwan tumatir na bin ƙasan mota yana zuba a kwata, 'yan dako suna tafe cikin caɓi, na saman kwando a sayar da daraja, na ƙasan da ya fashe a ware wa masu abincin sayarwa a kan araha, kuma asarar nan a kan manomi da dillali take ƙarewa. An kawo kiret na roba, kowa ya yarda ya fi kwando tsare kaya tunda nauyin na sama ba ya sauka a kan na ƙasa, amma ka tambayi dillalai za su ce maka matsalar wa zai mayar da shi arewa ba komai a ciki, wa zai biya kuɗin motar, in ya ɓata a hanya wa zai ɗauki asara, ga masu saƙar kwando da su ma abincinsu ke nan. Kaga wannan ba aikin sashe ɗaya ba ne, akwai na injiniya a ciki, akwai na mai tattalin arziki, akwai na mai nazarin zamantakewa da zai zauna da shugabannin kasuwa ya gane yadda amana da bashi suke tafiya tsakanin kasuwar Kwanar Gafan ta Kano da Mile 12. Ɗalibin Akoka yana kusa da kasuwar amma ba ya jin Hausar da ake cinikin da ita, ɗalibin Kano yana jin Hausar amma bai taɓa ganin yadda kayan suke isowa ba. Da za a haɗa su biyun a kan furojet ɗaya, kuɗin mota da wurin kwana kawai ake nema, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na nan Legas sun fi ƙarfin wannan.