Goge tsohon agogo ba ya ƙara masa kuɗi

Mutane da yawa idan suka gaji tsohon Rolex ko Omega, sai su garzaya wurin mai gyara a goge shi ya yi ƙyalli, a sauya fuskar da ta dafe, wai don ya yi tsada. Wannan ɓarna ce, kuma tana ba ni takaici. Masu sayen irin waɗannan agoguna asali suke nema. Injin gogewa yana cin ƙarfen, kaifin gefuna ya tafi, ba ya dawowa. A wasu tsofaffin Rolex ma, baƙar fuskar da ta koma ruwan ƙasa kuɗi take ƙarawa.

In kana son sanin farashin gaskiya, cire sarƙar ka duba inda take maƙale. A tsohon Rolex lambar samfuri tana wajen ƙarfe 12, lambar agogon kansa tana wajen 6. Da su za ka nemo nawa aka biya kan irinsa a kamfanonin gwanjo irin su Phillips ko Christie's, ba kuɗin da dillali ya yanka ba. Akwati da takardun asali suna ƙara daraja. Rolex samfurin Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman kuwa, da ya kai dala miliyan 17.8 a 2017, sunan mai shi aka saya.