Travis Pastrana da wasan tsallen babur: abin da nake yaba masa da abin da ba zan yaba ba

A ranar 4 ga Agusta, 2006, a babban zauren wasanni na Staples Center da ke Los Angeles, wani Ba'amurke ɗan shekara 22 mai suna Travis Pastrana ya murɗa totur, ya haye tudun tashi, ya yi alkafurar baya sau biyu a sama shi da babur ɗinsa, sannan ya sauka a kan tayoyinsa lafiya. Kafin wannan dare babu wanda ya taɓa yin haka a cikin gasa. Alƙalan X Games, wato babbar gasar wasannin kasada ta Amurka, sun ba shi maki 98.60 da lambar zinare. Har yau bidiyon yana yawo a wayoyin matasa, kuma kusan duk wanda ya gani kalma ɗaya yake furtawa, wato ganganci. Ina ganin wannan hukunci ya yi gaggawa, domin abin da ido ya gani bai wuce daƙiƙa kaɗan ba, alhali aikin da ya haifar da shi ya ɗauki shekaru.

Ya kamata a fara fahimtar wasan kansa. A tseren babur na cikin laka da tuddai, wanda ake kira motokuros, wanda ya riga isowa shi ne gwani. A wasan tsalle na salo kuwa babu ruwan kowa da wanda ya riga wani. Mahayi yana tashi daga tudun ƙarfe, ya ƙetare tazarar da yawanci takan kai ƙafa 75, kuma a cikin wannan ɗan lokaci da yake sama zai saki hannu ko ƙafa, ko ya rabu da sirdin gaba ɗaya ya kamo shi ta baya, ko ya juya da babur ɗin, sannan ya koma mazauninsa kafin ya taɓa tudun sauka. Alƙalai suna duba wahalar salon, da tsabtar yadda aka yi shi, da kyawun sauka. Alkafurar baya tana farawa ne tun daga bakin tudu, lokacin da mahayi zai ja kan babur da jikinsa duka, kuma da zarar ya bar ƙasa abin da ya rage masa na gyara kaɗan ne ƙwarai: totur da birkin baya suna iya ɗaga kan babur ko su sauke shi, sai kuma dunƙule jiki ko miƙe shi. Wanda juyinsa ya gaza da kaɗan, da kai zai sauka, ga babur mai nauyin kusan kilo 100 yana biye da shi.

An haifi Pastrana a Annapolis ta jihar Maryland a 1983, kuma ya fara hawan ƙaramin babur yana ɗan shekara 4. Yana da shekara 14 ya yi wani mummunan hatsari a wajen gasar tsalle, inda ƙashin bayansa ya rabu da ƙashin ƙugu, ya yi watanni a keken guragu. Duk da haka a 1999, yana ɗan shekara 15, ya ci gasar tsallen babur ta farko da X Games ta shirya a San Francisco da maki 99, daga baya kuma ya auka da babur ɗinsa cikin ruwan tekun da ke gefen filin, abin da ya jawo masa fushin hukumomi da asarar kuɗi. A 2000 ya zama zakaran Amurka na tseren motokuros a ajin ƙananan injuna na 125 a kan Suzuki mai lamba 199, a 2001 kuma ya ci kambun yankin gabas na tseren cikin filin wasa a wannan ajin.

Nan ne masoya tsere suke da ƙorafi a kansa har gobe. Suna cewa yaron da Allah Ya ba irin wannan baiwa ya kamata ya zauna ya gina tarihi a babban aji, amma ya riƙa karya jikinsa a wajen tsalle-tsalle har tseren ya kuɓuce masa, bai taɓa cin kambu a babban ajin ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin raunuka ne suka datse masa wannan hanya. Sai dai ban yarda cewa asara aka yi ba. Zakarun tsere suna da yawa, kowace shekara ana naɗa sabo. Abin da Pastrana ya yi a wasan tsalle kuwa shi ne ya taimaka aka mayar da shi sana'a mai tsarin koyo, kuma wannan ne ɓangaren rayuwarsa da na fi girmamawa.

Carey Hart ne ya fara gwada alkafurar baya a gasa a shekarar 2000, Mike Metzger kuma ya yi ta sau biyu a jere a kan tuddai biyu a X Games ta 2002. A wancan zamani mai son koyon sabon salo kusan da ƙasusuwansa yake biyan kuɗin makaranta. Abin da ya canza lamarin shi ne ramin soso, wato babban rami ko akwati da ake cikawa da gutsattsarin soso, mahayi ya faɗa ciki shi da babur, a ciro su da ƙugiya, ya sake komawa. Pastrana ya gina irin wannan a gidansa na Maryland, wurin da aka fi sani da Pastranaland, kuma a can ya yi ta maimaita alkafura biyun kafin ya kai ta gaban jama'a. Abin da ya fi burge ni shi ne bai rufe ƙofar gidan ba. Mahaya daga ƙasashe dabam-dabam sun riƙa zuwa suna atisaye, kuma a wannan filin ne Josh Sheehan ɗan Ostareliya ya yi alkafura uku a watan Afrilun 2015, bayan dogon gwaji a kan katifar iska. Mutum ya ba da filinsa da iliminsa domin wani ya zarce bajintar da ta ɗaukaka sunansa, wannan hali ne da ba kasafai ake samunsa a wajen gwanaye ba. Haka kuma Nitro Circus, wadda ya kafa da abokansa tun tana faifan bidiyo, ta zama shirin talabijin a MTV a 2009, daga baya ta zama wasan da ke zagaya ƙasashe, ta samar wa mahaya da dama abin yi ba tare da sun jira gasar shekara-shekara ba.

Amma soso ba ya bin mutum zuwa filin gasa. A watan Fabrairun 2009 Jeremy Lusk, wanda ya ci zinare a X Games ta 2008, ya rasu bayan ya faɗi yana wani salo na alkafura a San José ta ƙasar Kosta Rika, yana da shekara 24. A 2013 Eigo Sato na Japan ya rasu a wajen atisaye. Shi kansa Pastrana a X Games ta 2011 ya karya ƙafa da idon sawu yana neman wani juyi da ya daɗe yana bibiya. A nan nake ganin masu kallo da masu shirya gasa suna da nasu alhakin. Salon da ya girgiza duniya bana, baɗi ya zama abin da kowa zai yi kafin alƙalai su dube shi, don haka dole mahayi ya ƙara juyi ko ya ƙara tsawo idan yana son kamfanoni su ci gaba da ɗaukar nauyinsa. Mu da muke tura bidiyon muna neman wanda ya fi na jiya, muna cikin masu ingiza wannan kasuwa ko mun sani ko ba mu sani ba. Lokacin da tashar ESPN mai shirya X Games ta dakatar da gasar salo mafi ƙayatarwa ta babur a 2013, bayan rasuwar Caleb Moore mai wasan babur ɗin ƙanƙara, wasu sun ce tsoro ne, ni kuwa ina ganin an ma makara.

Pastrana ya koma tseren mota, ya ci kambun Rally America sau huɗu a jere daga 2006 zuwa 2009 da Subaru, ya gwada tseren motoci na NASCAR bai yi nisa ba, ko da yake ya zo na 11 a babban tserensu na Daytona 500 a 2023. A ranar 8 ga Yuli, 2018 a Las Vegas ya maimaita tsalle uku na marigayi Evel Knievel, shahararren ɗan wasan kasada da babur na Amurka, a yini ɗaya, a kan babur Indian mai nauyi wanda ba a ƙera shi domin tsalle ba: ya ƙetare motoci 52, sannan manyan bas 16, sannan maɓuɓɓugar ruwa ta otal ɗin Caesars Palace, wurin da Knievel ya kakkarye a 1967. Wanda ya fi Knievel sa'a ne kawai ba zai yi nasara sau uku cikin sa'o'i kaɗan ba. Lissafin gudu da tazara da gwaji ne suka bambanta su.

Inda na rabu da shi kuwa a fili yake. A 2007 ya diro daga jirgin sama a Puerto Rico babu laimar sauka a jikinsa, yana dogaro da abokin da zai kamo shi a iska. A watan Janairun 2022, yana magidanci mai mata da 'ya'ya, ya diro da laima daga saman wani dogon bene a Fort Lauderdale ta Florida domin ɗaukar bidiyo, ya karya ƙugu da ƙashin baya. Waɗannan ba su koya wa wani mahayi komai ba, ba su ƙara wa wasan babur komai ba, kuma rai amana ce da ba a ba mu ita domin mu yi caca da ita ba. Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan hotuna ne suka fi saurin isa ga yaranmu masu ɗaga tayar babur a kan kwalta ranar ɗaurin aure, babu hular kwano, ga yara da tsofaffi a bakin titi. Pastrana ko a ranar da ya fi kowace rana ganganci da babur, a rufaffen fili yake, da sulke a ƙirji, da likitoci da motar asibiti a tsaye, kuma wuyan da yake sa wa a hatsari nasa ne shi kaɗai. Duk da wannan tanadi, tiyatar da aka yi masa a gwiwa da baya da kafaɗa ta fi a ƙirga da yatsun hannu.