A bar Debora ta huta, a zo a duba Hulda

Da zarar an tayar da zancen shugabancin mata a Isra'ila ta dā, Debora, annabiyar da ta yi wa Isra'ila shari'a, ake fara ambata, sai wani ya yi wuf ya ce ai rashin jaruman maza ne ya kai ta can, tunda Barak, jagoran mayaƙan Isra'ila, ya ƙi fuskantar karusan ƙarfe 900 na Sisera, shugaban sojojin Kan'aniyawa, sai in da ita. To, mu bar ta a gindin dabinonta tsakanin Rama da Betel. Me za a ce game da Hulda?

Wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu, Yosiya na shekara ta 18 a kan gadon sarautar Yahuza, ana cikin gyaran Haikali a Urushalima sai babban firist Hilkiya ya tsinci littafin shari'a. Magatakarda Shafan ya karanta wa sarki, hankalin sarki ya tashi har ya yage tufafinsa, ya ce a je a nemi maganar Ubangiji. Mutum biyar suka tashi, har da shi babban firist ɗin, suka nufi wurin annabiya Hulda, matar Shallum mai kula da ɗakin tufafi. Lokacin nan fa Irmiya ya kai shekara biyar yana annabci. Ba maza aka rasa ba.

Ita ma ba ta yi musu fadanci ba. Da "mutumin da ya aiko ku" ta fara kiran sarki, ta tabbatar musu masifar da ke rubuce a littafin tana tafe. A kan haka Yosiya ya tara dattawa, aka rushe wuraren tsafi a ƙasar. Abin da ya fi burge ni, marubucin 2 Sarakuna 22 a Littafi Mai Tsarki bai tsaya ba da uzurin zuwa wurin mace ba. Ya faɗa ya wuce.

Kada kuma masu murna su zarce. Aikin firist na 'ya'yan Haruna maza ne, ƙofar nan a rufe take ga mace, ko Maryamu 'yar'uwar Musa ba ta shige ta ba. Annabci da shari'a da shawara a kan yaƙi ne suka samu mata. Har bayan dawowa daga bautar Babila akwai annabiya Nowadiya, wadda Nehemiya, gwamnan Yahuza, ya kai ƙararta wurin Allah cikin masu neman tsorata shi.