Makullin tuwo

Wai ni ne zan gyara tattalin gida. Uwargida ta ce hatsi ya ƙare, alhali ko wata ba a yi ba da sauke buhu, na ce lallai akwai ɓarna a gidan nan. Na sayi kaye da bik, na sayi kwaɗo na garƙame ɗakin ajiya, makulli ya koma aljihuna. Lissafin ba wuya: buhu tiya 40 ne, a auna tiya guda kullum, kwana 40 ke nan. Cefane jika ɗaya a rana. Ta dube ni ta ce, "To, Malam." Kun dai san irin wannan "to" ɗin.

Kayen nawa bai san dusa na cin rabonta a wurin surfe ba, bai san kuɗin niƙa da itace ba, balle kwanon almajiri. A bar wannan.

Rana ta 9, Litinin, ranar kasuwa, na fita da sassafe na manta ban auna ba. Waya kuma babu caji. Daga aiki na zarce fadarmu ta shayi can unguwar Zariya. Ana zuba shayi na biyu, ni kuwa na miƙe ƙafa ina karantar da jama'a yadda ake riƙe gida, har da buga ƙirji, sai ga kabu-kabu ya tsaya. Ɗana ne a gaba. A baya kuma surukina, daga Tibiri, da rawaninsa da sandarsa.

Tsohon nan bai yi gaggawa ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ina iyali, ina zafi. Ni ina durƙushe, gumi har cikin kunne. Sai da ya gama da kowa ya juyo a hankali ya ce, "Ɗana, ba zama na zo yi ba. An ce makullin tuwo yana wurinka."

Makullin tuwo! Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Yaron nan kuma, da babu wanda ya tambaye shi, ya ce, "Baba, Inna ta ce ashana ma tana ciki."

Na kai hannu aljihu, makulli ya maƙale a zare. Na ja, na sake ja, aljihun ya ce ƙyat, kaye ya faɗo a tsakiyar tabarma. Kafin in kai hannu Mushe, malamin makarantar nan, ya ɗauke, ya gyara tabarau, ya shiga karantawa da muryar nan tasa ta aji: "Magi guda, dala biyar. Gishiri, a rage. Ina rabin albasar jiya?" Ya maimaita na albasar sau biyu. Surukina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, wai tari yake yi.

Shi Mushe ɗin nan fa, jika 3 nake binsa tun layyar bara waccan. Bai taɓa sayen sukari a fada ba, amma kofin farko nasa ne, wai na biyu yana tayar masa da ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara lissafi, da an zo kan bashina sai ƙidaya ta ɓace masa. Shi ne yanzu yake kirana ministan kuɗi, har yaran unguwa sun ɗauka.

Da muka isa gida ashe kowa ya ci ya ƙoshi. Ta ranto kuɗi a asusunsu na Mata Masu Dubara ta dafa shinkafa da wake tun azahar. Tsohon ma ya ci faranti biyu kafin ya hau kabu-kabu, tafiyar ta ganin ido ce kawai. Bashin kuma ta ce in rubuta a kayena, tunda ni ke da bik.

Kwaɗon yana ƙofar ɗakin akuya yanzu. Kayen har yau yana hannun Mushe, wai bai gama karantawa ba.