Ilimin Baba Masinja a Cikin Kwamfuta

An tura ni bita Abuja kan yadda ma'aikata za ta adana abin da ma'aikatanta suka sani. Mai koyarwa ya ba mu labarin Julian Orr, masanin halayyar al'umma da ya riƙa bin masu gyaran injin kwafin takardu na kamfanin Xerox a Amurka. Ya gano ba littafin kamfani ne ke gyara injin ba, hirar da makanikan ke yi da juna wajen cin abinci ce. Na dawo Birnin Kebbi da satifiket da zafin kai, darakta kuma ya ce tunda saura wata guda Baba masinja ya yi ritaya, in kwashe duk abin da ke kansa in zuba a kwamfuta.

Baba shi ya rako fayilolinmu daga Sakkwato a bayan mota lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Kabad ɗinmu ba lamba, ba rajista, Baba ne rajistar.

Na zauna da fom. "Baba, ina fayil ɗin filayen Jega?"

"Yana ƙarƙashin wanda ruwa ya jiƙa, ɗana, kusa da inda kyanwa ta haihu."

Na rubuta. "Janareto fa, yaya ake tayar da shi?"

"Lallashinsa ake yi. In ya yi tari biyu, ka saki."

"In saki me?"

Ya dube ni da tausayi. "Hannunka zai gaya maka."

Shi ma na rubuta, don an ce mana kada mu raina bayanin kowa.

Abin da Abuja ba su faɗa ba shi ne ofis yana da rai, ka taɓa nan, can ya motsa. Ana ganina da fom sai raɗe-raɗi ya bazu cewa rage ma'aikata za a yi. Akawun da a da ke koya wa kowa lissafin alawus kyauta ya koma cewa "sai na duba". Mai buga takardu ta sa wa aljihun teburinta kwaɗo. Yawan tambayata, yawan ɓoyonsu. Darakta kuwa ya ga rahotona ya yi kauri, ya hana zaman teburin mai shayi a lokacin aiki, wai yanzu komai yana kwamfuta. A kan bencin nan ne fa ake sanin wa ke riƙe da wane fayil.

Baba ya tafi. Sai ga baƙi masu bincike, kuma fayil ɗin Jega suke so. Ba wuta. Na je na lallashi janareto, ya yi tari biyu, na saki igiya, igiya ta tafi da fatar yatsana. Da sauran cajin da ya rage na buɗe kwamfuta a gaban baƙi, babbansu ya karanta da ƙarfi: "Kusa da inda kyanwa ta haihu." Ya cire tabarau ya ce, "Malam, wace kyanwa?"

Na hau kabu-kabu zuwa fadama ta hanyar Argungu, na tarar da Baba cikin taɓo yana dashen shinkafa. Ya ce baki ba ya aiki hannu na zaune, in naɗe wando. Da rigar ofis na dasa masa kunya guda, sannan ya tuna cewa kyanwar ta canja wuri, shi ma fayil ɗin ya canja. Teburin darakta ne ya riƙa rawa, aka tokare gajeriyar ƙafar da shi.

Mu huɗu muka ɗaga teburin, baƙi suna kallo. Suka duba fayil, suka sa hannu, na ɗauka zan kai kabad. Darakta ya girgiza teburin da yatsa, ya ce, "Ina za ka da shi? Mayar. Ka gyara a kwamfutarka."