"I am coming" da "ina zuwa": a daina yi wa yara dariya

Jiya da la'asar a Ƙofar Ƙaura na ga wani malami yana yi wa ɗalibinsa dariya a gaban mutane, wai don yaron ya miƙe zai je sayo ruwa ya ce, "I am coming, sir." Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba. Har yanzu abin na ci mini rai.

Gaskiya ne, a Turancin Ingila ba haka ake faɗa ba. Kalmar "come" motsi ce zuwa wurin mai magana ko wanda ake yi wa maganar. Idan Bature ya ce "I am coming", ga shi nan tafe gare ka. Wanda zai fita ya dawo kuwa "I will be back" yake cewa. Yaron nan "ina zuwa" ya faɗa da bakin Turanci, kuma daga Legas har Daura haka jama'a ke faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne Hausa ta riga ta koya wa yaron wannan darasi tun yana goye, malamin ne bai waiwaye ta ba. Mu da wasali ɗaya muke nuna inda motsi ya dosa: fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, koma da komo. Mu Katsinawa ma "taho" ba ta barin bakinmu, ƙanwar "tafi" ce. Ɗan shekara 4 da ke tsaye a tsakar gida ba zai taɓa cewa "Inna, fita" ba, "Inna, fito" zai ce. Wannan "o" ita ce ke yin aikin "come". Shi Bature sai ya sauya kalma gaba ɗaya: "go out" fita, "come out" fito, "take" kai, "bring" kawo.

A garin nan fa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka goge Turancinsu. Bai kamata a ce a nan ne yaro ke tsoron buɗe baki ba.

Malam, don Allah gobe ka rubuta fita da fito a kan allo, ka sa "go" da "come" a ƙarƙashinsu, sannan ka kira yaron nan ya karanta wa 'yan aji.