Bangon faifai ai shi ma waƙa ne

Ni dai abin nan ya daɗe yana damuna, yau sai na faɗa. Mawaƙi mai zaman kansa, wanda ba shi da babban kamfani a bayansa, zai shekara guda yana wahala a situdiyo, ya ƙarar da ɗan abin da ke aljihunsa, amma da an zo maganar bangon album sai kawai ya ɗauki hoton fuskarsa da waya, ya liƙa suna a sama, shikenan wai an gama. Haba dan Allah. Mutum fa kafin kunnensa ya ji komai idonsa ne ke fara gani.

Ku duba Factory Records na Manchesta a Ingila, ƙaramin kamfani ne, ba su da kuɗin talla irin na manya. A 1979 suka fitar da album mai suna Unknown Pleasures na ƙungiyar mawaƙa ta Joy Division, Peter Saville ya tsara bangon. Baƙi wuluk, a tsakiya wasu fararen layuka masu tudu da kwari kamar duwatsu an jera su, babu sunan ƙungiyar a gaba, babu sunan album, babu fuskar kowa. Layukan nan kuwa zanen siginar rediyo ce da ke fitowa daga wani tauraro, CP 1919, wanda Jocelyn Bell ta gano a 1967, daga wani kundin ilimin taurari aka ciro shi. Ka kalli bangon ka ji sanyi da kaɗaici tun ba ka ɗora faifan ba, kuma wallahi abin da ke cikin waƙoƙin kenan. Yau sama da shekara 40 mutane na yawo da zanen a jikin riga, wasunsu ma ba su taɓa jin waƙa ɗaya a ciki ba.

Mazubin ma kansa magana yake yi. Spiritualized, wata ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, a 1997 sun saka faifan CD ɗinsu cikin kwali sak na magani, har da 'yar takardar nan mai bayanin yadda ake sha, sai ka ɓalle ledar azurfa kamar za ka ciro ƙwaya sannan faifan ya fito. Album ne na ciwon zuciya da rabuwa, hannunka ya riga ya fahimta.

Na san me za a ce, ai yanzu zamanin Spotify ne, manhajar jin waƙa a waya, wa ke riƙe faifai? Gaskiya ne, kuma nan ne abin ke min zafi. Bangon faifan garmaho inci 12 ne kowane gefe, ka riƙe shi da hannu biyu, ka juya baya ka karanta wa ya buga ganga wa ya haɗa sauti. CD ya zo ya ƙanƙance shi, yanzu kuma ya koma ɗan murabba'in da babban yatsa zai rufe a fuskar waya. To amma ni a ganina wannan ma dalili ne na ƙara kula, domin cikin ɗaruruwan 'yan hotunan da mutum ke wucewa da yatsa, wanda ke da tunani guda ɗaya mai ƙarfi shi ke tsayar da ido. Ka ƙanƙance layukan Saville ɗin nan yadda kake so, za ka gane su daga nesa.

Shi ya sa nake roƙon mawaƙa, ku nemi mai zane tun ana tsakiyar aiki, ku ba shi waƙoƙin ya saurara ko da ba a gama gyara su ba, ku biya shi haƙƙinsa, kuma ku sa sunansa a jiki.